Ƙahon Irmiya da Ƙafar Yaya Agnes

Mijin yayata, Irmiya, mutum ne da ko gobara ba ta sa shi sauri. Na sha faɗa masa haka a gaban idonsa tun yana da rai, saboda haka kada a ce gulmar mamaci nake yi. In ya zauna cin tuwo, sai miya ta huce ta yi fata bai yi nisa ba. In ka gaishe shi da safe, sai ka kai bakin ƙofa sannan ka ji amsa tana biyo ka a baya. Ni ƙanwar matarsa ce, al'ada ta ba ni damar tsokanarsa, kuma ban yafe masa komai daga cikin haƙƙina ba. Shi kuwa iyakarsa ya yi murmushi ya ce, "Roda, ke dai..." Abin da zai biyo bayan "ke dai" ɗin nan, har ya bar duniya ban ji shi ba.

Ƙauyenmu ɗaya da shi, can kudu wajen Bogoro. Yana saurayi aka ɗebe shi soja lokacin yaƙin Bama. Da Turawa suka ga ya iya do-re-mi tun daga makarantar mishan, sai suka sa shi cikin 'yan badujala, masu busa da kiɗan fareti. A can ya koyi ƙaho, irin na Turawa, na tagulla mai maɓalli uku. Sauran tsofaffin sojoji in sun zauna sai labarin daji da matsattsaku da harsashi. Irmiya labari ɗaya gare shi, kuma ko bindiga babu a ciki. Wai wata rana a sansaninsu na Indiya aka kawo makaɗan sojan Amurka, masu busa sahu-sahu a zaune, sun cika dandamali. Ana cikin kiɗa sai duk suka sassauta, mutum ɗaya ya miƙe da ƙahonsa ya ɗauki waƙa a hankali, sauran suna gunji ƙasa-ƙasa a bayansa suna tallafe da shi. Irmiya ya ce tun ranar ya san abin da yake nema a duniya, shi ne ya tsaya inda mutumin nan ya tsaya ko da sau ɗaya ne. Mun ji labarin nan har mun haddace, in ya fara sai yara su riga shi kaiwa ƙarshe.

Ya dawo da igiyar kofur a hannun riga da wani ƙaho mai lotsawa a baki, ya samu aikin fenti a ma'aikatar ayyuka ta Bauchi. Aikin ya dace da shi, tunda bango ba ya gudu. Ofisoshi da dama a garin nan shi ya yi musu farar ƙasa, kuma inda ya shafa ba a sake kiran wani da wuri.

Da ya ce yayata Agnes yake so, mutane sun yi ta magana, wai soja mai albashi ya rasa mata ne. Yayata ta yi shan inna tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta tsotse ta kuma gajarce. In tana tafiya sai ta jefa ƙugu gefe sannan ta jawo ƙafar. Sanda kuwa ko da wasa ba ta riƙewa. Doguwa ce mai jiki, kyakkyawa, bakinta ya fi nawa kaifi, abin da ba kowa zai yarda ba. Da keken ɗinki na hannu take sana'a, tunda na ƙafa ya fi ƙarfinta, kuma matan ma'aikata rububinta suke yi in Kirsimeti ko salla ta ƙarato. Soja take kiran mijinta, shi kuma ya ce mata Uwargida, duk da ba wata bayanta. A ƙauye in ana rawar kaka, tana zaune a gindin bishiya tana cewa rawa aikin marasa aikin yi ne. Na yarda da ita har na girma na yi aure, don ni wayo bai zo mini da wuri ba.

Irmiya ya tara abokai suka kafa 'yar ƙungiyar kiɗa, shi da wani mai ƙaho, da wani akawu mai jita, da mijina Zakka a kan ganguna. Asabar ɗin ƙarshen wata suke yi a kulob ɗin ma'aikata, daga la'asar zuwa faɗuwar rana, yawanci kiɗan Ikko mai zafi wanda ke sa akawu ya manta da cewa yana sanye da kwat. Dattawan ikkilisiya ba sa son abin, amma da yake Irmiya ne ke busa musu ranar Ista, sai suka kawar da kai. Yaya takan zo don kada a ce matar mai busa ba ta zuwa. Ta zauna a gefe da ulu da ƙoshiyar saƙarta, tana sharhi kan ɗinkin rigunan masu rawa.

A Ƙofar Ran akwai wani Bafulatani mai gyaran keke, Hammajoda. Abotarsu ta fara ne ranar da Irmiya ya rubuta masa allon shago, suka yi yini guda suna gardama kan launin harufa. Hammajoda yana da garmaho, na juyawa da hannu, wanda ya saya wurin kukun wani Bature da zai koma gida, haɗe da 'yan faya-faye. Yana ji da garmahon nan fiye da kekunan mutane, kullum cikin goge shi yake da zuba masa mai. Mu dai mun lura duk mawaƙin da ya shiga garmahon Hammajoda kamar mura yake fama da ita. Amma ba mu da wani da za mu gwada da shi, sai muka ɗauka haka muryar mutanen waje take.

Cikin faya-fayen akwai ɗaya da kyankyasai suka cinye takardar sunansa. Babu muryar mutum a ciki, busa ce zalla. Wata rana Irmiya ya kai kekensa faci aka sa faifan nan, ya tsaya da taya a hannu bai motsa ba har aka gama. Ya ce irin ta Indiya ce.

Waƙa ce mai tafiya sannu, kowane bugu sai ya zauna ya huta kafin na gaba ya zo. Manyan ƙahoni ne ke farawa daga can ƙasa, sannan ƙaramin ya fito shi kaɗai, ya hau kaɗan ya dawo, kamar mai son faɗin magana yana jin nauyi. Ba za a ce ta baƙin ciki ba ce. Kewa ce a cikinta, in ka ji sai ka tuna wani naka, ko da kuwa jiya kuka rabu.

Babu takarda, da kunne ya ɗauke ta. Kowace yamma in ya tashi aiki sai shagon Hammajoda, da fenti a gashin kansa, Hammajoda yana juya hannun garmaho yana mitar allurar da ake cinye masa. Abin da ya ba Irmiya wuya shi ne inda do ɗin waƙar ya zauna, wato muryar da aka ɗora ta a kai. Ya faɗa wani lungu da yatsun mai ƙaho ba sa son zuwa, sai an yi ta haɗa maɓallai ana murɗe-murɗe. Ɗayan mai ƙahon ya ce a ɗaga ta kaɗan kowa ya huta. Irmiya ya ƙi. Ya ce waɗanda suka yi ta sun fi su sani, in sun zaɓi wahala to akwai dalili. Soja ne, abin da ya zo daga sama ba ya tambaya. Damina guda suka ci suna fama da ita, mai jita yana zagin Turawa da son wahalar da mutane.

Ranar da suka fara busa ta a kulob, cikin shekarar 1953, fili ya watse. Mutanen da suka saba da girgiza suka tsaya cirko-cirko, wasu suka tafi neman abin sha. Ina zaune kusa da Yaya sai na ga saƙa ta tsaya. Ƙafarta mai lafiya tana taɓa ƙasa tana ɗagawa. Can ta ajiye ulun a kan benci, ta ce da yarenmu, ba ta ko dube ni ba, "Tashi ki riƙe ni."

Na tashi. Hannunta a kafaɗata, nawa a ƙugunta. Ta taka da dama, ta jawo ta hagu, kafin bugu na gaba ya zo ƙafar ta iso. Abin ke nan gaba ɗaya. Duk kiɗan da ta taɓa ji gaba yake yi ya bar ƙafar nan a hanya, wannan kuwa yana jira. Muka zagaya filin mu kaɗai, mace mai 'ya'ya biyu ranar ta fara rawa a duniya. Ni kuka nake yi har da majina, ita kuwa tana ce mini in daina ba ta kunya a gaban mutane. Ƙahon Irmiya ya tsage sau ɗaya a tsakiyar waƙar, daga baya ya ce sauro ne ya shiga.

Daga nan aka sa mata suna waƙar Hammajoda, mutumin da ko ƙofar kulob bai sani ba, ranar da ya ji kuwa sai da ya yi istigfari. Da ita ake rufe taro. Mutane suka koyi taka ta, har waɗanda suka fara gudu suka zama su ke tambaya. Kowa ya san ta wace ce, ba wanda ya taɓa faɗa, domin an san halin Agnes. Ranar da ta ji an ce don gurguwa ake yi, ranar za ta daina. Zakka idonsa a kan ƙafarta yake bugu, in ya ga ta gaji sai ya ƙara ja. Haka shekara da shekaru waƙar ta yi ta ƙara nauyi ba wanda ya lura. Yaya kuwa tun tsakiyar wata take zaɓen zanen da za ta ɗaura.

Da aka sa ranar 'yancin kai, kwamitin kulob suka ce ba za a yi babbar rana irin wannan da makaɗa huɗu ba. Suka ɗauko Malam Andrawus daga Jos, mutumin kirki wanda ya yi karatun kiɗa, da makaɗansa fiye da goma da akwatin takardu, aka ce namu su shiga cikinsu. Zakka aka karɓe masa ganguna aka ba shi caki ya riƙa kaɗawa. Ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, amma shi ne ya riƙa kawo mini labarin abin da ake yi a wurin gwaji.

Malam Andrawus ya ce su busa masa abin da garin ya fi so. Suka busa waƙar Hammajoda. Ya saurara da kai a karkace, can sai ya fara murmushi. Ya ce ai ya san ta, har takardunta suna cikin akwatinsa, amma wa ya mutu? Ya ɗauko nasa garmahon, sabo fil, da nasa faifan, ya sa musu. Waƙar ce, ba ko shakka. Sai dai ta miƙe tana tafiya da ƙafafunta, muryar ta hau rabin mataki ta yi haske. Ba gudu take yi ba, a wurin masu ita ma ta sannu ce, amma kewar nan duk babu. Waƙar mutum ce wanda budurwa ta amsa masa, yana komawa gida yana fito. Irmiya ya ɗaga ƙaho ya bi ta a sabuwar muryar, yatsunsa suka yi ta faɗawa wuri ba wahala. Abin da ya cinye musu damina, ashe ɗan koyo ma zai iya.

Suka ɗunguma zuwa Ƙofar Ran. Hammajoda bai so a taɓa masa garmaho ba, sai da Irmiya ya sa baki. Da aka buɗe cikin, ɗan abin da ke daidaita gudun faifai ya daskare cikin wani baƙin danƙo. Malam Andrawus ya lakato da yatsa ya shinshina, ya tambaye shi wane mai yake zubawa.

"Man gyaɗa mana," in ji Hammajoda. "Mai kyau, na matana, ba na kasuwa ba. Abin da mutum ke ci ya kwana lafiya, shi ne zai ɓata ƙarfe?"

Irmiya ya yi dariya har ya zauna a kan tsohuwar taya yana share hawaye. Zakka ya ce bai taɓa ganinsa haka ba. Amma a hanyar gida sai ya tura kekensa bai hau ba. Ya riga ya auna abin a ransa, a wannan gudun ƙafar Agnes ba za ta iso ba.

Washegari Malam Andrawus ya ce duk cikin mutanensa babu mai zaƙin ƙaho irin na Kofur, saboda haka in an zo wurin da mutum ɗaya ke miƙewa, shi zai miƙe. Abin Indiya ya biyo shi har gida. Irmiya ya yi godiya, sannan ya roƙa a rage gudun waƙar. Da aka tambaye shi dalili, ya ce mutanen gari sun saba ne. Malam ya ce in aka ja ta haka numfashin masu busa ba zai kai ba, takardun ma don wancan gudun aka rubuta su. Ya dafa shi ya ce, "Kofur, ranar 'yanci ce fa, ba jana'iza ba." Yana da gaskiyarsa. Na tabbata da an gaya masa ainihin dalili da ya san yadda ya yi. Amma Irmiya ba zai buɗe baki ya ambaci ƙafar matarsa a gaban maza ba, mu ba ma haka. Ni da ba ni da wannan kunyar, Yaya ta riga ta tare ni tun kafin in ɗaura gyale.

"In na ji wani ya je ya roƙa min alfarma, Roda, ko bakin ƙofar kulob ba za ki sake ganina ba. Ni rawa nake yi, ba bara ba."

Ga shi ta riga ta ɗinka rigar bikin, kore da fari, tana rataye a ƙusa. Duk garin zai hallara. In aka busa waƙar nan tana zaune, abin da aka yi shekaru ba a faɗa ba ya faɗi kansa ke nan.

Muka ce bari mu gwada a gida. Da yamma aka kora yara gidan maƙwabta, Irmiya ya cusa tsumma a bakin ƙaho ya riƙa busawa ƙasa-ƙasa a sabon gudun. Ni lokacin ina da tsohon ciki. Yaya ta taka, ƙafar ta makara. Ta sake takawa, ta sake makara. Ta cije ta fizgo ta da ƙarfi, sai muka tafi tare. Allah ya sa na dafa turmi, ita kuwa ta zube a kan gwiwa. 

Irmiya ya sauke ƙaho ya yi ta tunani, har na fara jin haushi. Can ya ce a soja akwai tafiyar sannu da ake yi a fareti, mutum yana iya taka bugu ɗaya ya bar ɗaya ya wuce. Muka gwada, dabara kuwa ta yi, ƙafar tana isowa har da sauran lokaci. Sai dai yanzu tsayuwar ta yi tsawo. Duk sanda ta sauka a kan ta hagu, nauyinta gaba ɗaya a kan mai riƙe da ita yake, kuma sai an daɗe a haka. Ni da cikin nan ban iya ba, ko babu cikin ma ban ce zan iya ba. Ƙarfin namiji ake so, kuma ba namijin da zai riƙe matar mutum irin wannan riƙo.

Yaya ta kakkaɓe zaninta ta ce shi ke nan, ba a kanta aka fara zama ba. Ta shiga ɗaki, muka ji keken ɗinki ya tashi, alhali ba ta da ɗinkin kowa a hannu.

Kowa a gidan ya san namijin da ya rage, ba wanda ya faɗa. Ni mai baki ma na yi shiru, domin ina ganin fuskarsa in ya dawo daga gwaji. Sai ya zauna gaban tuwo ya manta da shi, ido yana ƙyalli kamar na sabon ango. Tun yana saurayi yake jiran wannan tsayuwar, kuma ya san makaɗan Jos ba za su sake zuwa ba. Ban da haka, bai taɓa rawa ba a rayuwarsa. A wurinmu kuma magidanci mai 'ya'ya ba ya rungumar matarsa a bainar jama'a, balle ga dattawan ikkilisiya da aka ce za su zauna a sahun gaba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi ba. Kwanakin nan ban tsokane shi ba, shi ma ya lura.

Ranar ta faɗo Asabar. Da safe aka yi fareti, 'yan makaranta da tutoci, hadari ya haɗu ya watse bai zuba ba. Mutanen ƙauyukan Tirwun da Gwallameji sun shigo gari a ƙafa tun da sassafe. Da la'asar kulob ya cika har ana leƙe ta taga. Makaɗa suka zauna sahu-sahu cikin fararen kwat, Irmiya a cikinsu, ƙahonsa ya sha toka da lemon tsami har lotsawar tana ƙyalli. Yaya ta zo cikin rigarta, ta zauna a miƙe tana gaisawa da mutane da fara'a fiye da kima. Ni na san ma'anar wannan fara'ar.

Kiɗa ya yi daɗi, gaskiya ban taɓa jin irinsa ba, har a ƙirji ake jinsa. Da rana ta yi sanyi Malam Andrawus ya ɗaga hannu, manyan ƙahoni suka fara waƙar Hammajoda a gudunta na asali. Mutane suka miƙe, wasu suna satar kallon inda muke. Yaya ta kafa ido a kan sabuwar tutar da ke jikin bango.

Sai na ga Irmiya ya ajiye ƙaho a kan kujerarsa. Daga baya Zakka ya gaya mini tun da safe ya je ya ce wa Malam a ba wani wurinsa, bai faɗi dalili ba, Malam ya ɗauka tsoro ne ya kama shi har ransa ya ɓaci. Ya sauko daga dandamali ya ratsa fili da tafiyarsa ta kullum, ni kuwa kamar in je in turo shi. Ya zo ya tsaya a gaban Yaya.

"Soja, me ka sauko yi?" ta ce. "Koma, wurinka ya kusa."

"Na ba wani. Tashi."

"Baba Fasto na kallo."

"Ya kalla."

Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta miƙa masa hannu.

Allah ya ba shi hutawa, amma rawar da Irmiya ya yi ranar ba rawa ba ce. Fareti yake yi, ƙirji a gaba, leɓensa yana ƙirga bugu. Tun ba a je ko'ina ba ya taka mata ƙafa mai lafiyar. Amma in ta sauka a kan ta hagu sai ya tsaya ƙyam ya ɗauke nauyin duka, har ta jawo kanta. Kowa yana wuce su, su suna taka ɗaya suna barin ɗaya. Na ga fuskarsa ta sauya da ya ji nauyin. Duk shekarun nan daga can sama yake hangowa, bai san yadda take cije leɓe a kowane taku ba. Ni kaɗai na sani sai ranar.

Sai wurin ya zo. Sahun makaɗa suka sassauta, wani saurayi cikin mutanen Jos ya miƙe ya ɗauki waƙar, sauran suna gunji a bayansa. Ya iya, ba zan yi ƙarya ba, ya busa ta tsaf. Irmiya bai waiga ba. Amma ina ganin hannunsa na dama a bayan Yaya, yatsu uku suna danna rigar ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowace murya. Wannan shi ne ya sa ni kuka, kuma ranar na ji ina ƙaunarsa kamar ciki ɗaya muka fito.

Aka gama, tafi ya tashi don saurayin. Su kuwa waƙar ta ƙare musu a tsakiyar taku, ƙafar hagu tana hanya. Bai sake ta ba sai da ta iso. A gabana suka tsaya, na ji abin da suka ce.

"Ashe ko kaɗan ba ka iya rawa ba," in ji Yaya tana haki.

"Ban iya ba."

"To sai ka koya. Ni ba zan sake komawa hannun Roda ba."

Ya gane abin da take nufi, ni ma na gane. Mai riƙe da Agnes ba ya busa. Ya juya ya dubi dandamali, inda ƙahon yake kwance a kan kujera tsakanin makaɗan da gobe za su koma Jos. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To."

Ya yi shekaru bayan haka yana busa sauran waƙoƙi a kulob. In an zo ta rufe taro sai ya miƙa wa ɗayan mai ƙahon ya sauko. Har ya tsufa bai sake busa waƙar Hammajoda a gaban jama'a ba, rawar kuma bai iya ba.